Filin Tambaya da Amsa: Rijiya Ta Ja Baya, Me Ya Kamata a Yi?

Wasiƙun wannan wata yawancinsu a kan ruwa ne, ba abin mamaki ba tunda bazara ta kunno kai. Mun miƙa su ga masu sanin haƙar rijiya da noman rani da tsaftar ruwan sha. An taƙaita wasu tambayoyin saboda ƙarancin wuri.

Tambaya: Kowace shekara rediyo na ta maganar Ranar Ruwa ta Duniya. Mu kuwa muna koya wa yara cewa yawancin duniya ruwa ne. To ina ƙarancin yake? (Daga wani malamin firamare, Katsina)

Amsa: Malam, abin da kuke koyarwa daidai ne, sai dai kusan kashi 97.5 cikin 100 na ruwan nan na gishiri ne, ba ya shayuwa, ba a noma da shi. Ana iya cire gishirin, Saudiyya na yi, amma abin na cin wutar lantarki da kuɗi masu yawa. Ruwan daɗi kashi 2.5 ne kawai, kuma fiye da kashi biyu cikin uku nasa daskararre ne a ƙuryar kudu da ta arewacin duniya da kan manyan duwatsu. Sauran kusan duk yana ƙarƙashin ƙasa. Koguna da tafkunan da ido ke gani ba su kai kashi 1 cikin 100 na ruwan daɗi ba.

Majalisar Ɗinkin Duniya ce ta ware 22 ga Maris, aka fara bikin a 1993. Abin da ya fi cancanta yara su sani shi ne kusan kashi 70 cikin 100 na ruwan da ɗan Adam ke ɗiba daga koguna da rijiyoyi gona yake tafiya. Shi ya sa manyan asarorin ma ta wajen ban ruwa suka zo. Tekun Aral, tsakanin Kazakistan da Uzbekistan, ya taɓa zama na huɗu a girma cikin tafkunan duniya. Daga shekarun 1960 aka karkatar da kogunan Amu Darya da Sir Darya zuwa gonakin auduga, tafkin ya janye, ya bar jiragen masunta a kan yashi. Sai da aka gina madatsar Kokaral a 2005 sannan ɓangaren arewa ya farfaɗo, kifi ya dawo. Birnin Kef Tawun na Afirka ta Kudu kuma, a 2018, bayan fari na shekara 3, sai da aka ƙayyade wa kowa lita 50 a rana, jarka biyu ke nan, kafin damina ta kawo ɗauki.

A ganinmu, maimakon taron da za a ƙare da rabon riguna da huluna, gara ka ɗauki ɗalibanka ku auna zurfin ruwan rijiyar makaranta a ranar, ku rubuta, baɗi ku sake aunawa.

Tambaya: Burtsatsen gidana shekara 6 yana ba da ruwa ba matsala. Bana sai ya kawo na minti 10 ya tsaya. Maƙwabta sun haƙa nasu da yawa. Mai haƙa ya ce in ƙara zurfi. In yi? (Daga wani magidanci, Kano)

Amsa: Alhaji, kada ka kira motar haƙa tukuna. Abubuwa uku ne ke kawo irin wannan, maganinsu daban-daban, kuma igiya da jarka sun isa ka gane wanne ne naka.

Da sassafe, kafin a kunna sumo, wato injin jan ruwa da ke nutse cikin burtsatsen, a zura igiya mai ɗan nauyi a bakinta har ta taɓa ruwa, a auna tsawon. Sannan a kunna, a tara jarka mai lita 20 ana kallon agogo. Idan ta cika a daƙiƙa 40, injin na jan lita 1,800 a awa ke nan. Idan ruwan safe yana nan inda yake a da, amma fitarsa ta yi rauni tun daga farko, laifin na sumo ne: ko fankar ciki ta cinye saboda yashi, ko wuta ba ta da ƙarfi, ko bututun da ke hawo da ruwa ya tsage. Idan ruwan safe yana nan amma da an kunna sai ya faɗi da sauri fiye da yadda ya saba, to ramukan bututun tacewa na ƙasa sun toshe da laka ko tsatsa, sai a kira masu kwamfaresa su hura su wanke rijiyar. Idan kuwa ruwan safen kansa ne ke yin ƙasa shekara bayan shekara, ruwan unguwar ne ya ragu, kuma bayaninka ya fi kama da wannan: ya kawo da ƙarfi, ya yi tari yana fitar da iska, bayan awa guda ya dawo.

A nan ne maganar ƙara zurfi ke buƙatar hattara. Kano da Zariya da Kaduna suna zaune ne a kan dutse mai tauri. Ruwan yana cikin ruɓaɓɓen dutsen da ke sama da kuma tsagogin da ke ƙarƙashinsa, galibi cikin mita 30 zuwa 60 na farko. In an wuce nan, sai dai in an yi dace da wata tsaga, in ba haka ba busasshen dutse ake biyan kuɗin hudawa. Maiduguri da Sakkwato da Maraɗi daban suke: yashi da yumɓu ne hawa-hawa, zurfi na iya kai ka ga wani ruwan. Ko can ɗin ma ba kyauta ba ne. A yankin Borno an yi rijiyoyin da ruwa ke fesowa da kansa ba inji, aka bar da yawansu suna kwarara dare da rana shekara da shekaru, har ƙarfin ya ragu, wasu suka daina. Saboda haka kafin ka biya ko sisi, sa a yi awon ƙasa da na'urar lantarki, kuma mai awon ya zama ba yaron mai haƙar ba ne.

Ruwan ƙarƙashin unguwarku randa guda ce, kowane burtsatse moɗa ne a cikinta. Duk injin da ke ja yana janyo ruwan da ke kewaye da shi ƙasa, idan rijiyoyi sun yi kusa sai ramin wannan ya shiga na wancan. A lokaci guda an shafe tsakar gidaje da siminti, an cike kududdufai an yi gini, ruwan sama ya rasa ta inda zai nutse, sai ya bi kwata ya fice daga gari.

Abin da ya fi sauƙi kuma ya fi aiki: a rage jan. Rijiyar da ke iya ba da lita 600 a awa, aka sa mata sumon da ke jan 1,800, dole ta ƙafe cikin mintuna, injin kuma ya ƙone saboda ruwan ne ke sanyaya shi. A sa ƙaramin sumo, ko a matse bawul ɗin fita har jan ya dawo kamar kashi biyu cikin uku na abin da rijiyar ke iya bayarwa, a riƙa cika tanki a hankali cikin dare. A sa na'urar da ke kashe injin in ruwa ya ƙare. Kada a sauke sumon har gindin rijiya, yashi zai sha. Sannan ku zauna da maƙwabta ku raba lokutan ja. Gida biyar da burtsatse guda mai kyau da babban tanki sun fi gida biyar da burtsatse biyar masu tari.

Za ka kuma iya mayar wa ƙasa wani abu. Haƙa rami mai faɗin mita 1.5 da zurfin mita 2, aƙalla mita 5 daga harsashin gini, nesa da shadda, a cika shi da manyan duwatsu a ƙasa, tsakuwa a tsakiya, yashi a sama, a juyo ruwan indararo a ciki. Amma kada a taɓa zuba ruwan tsakar gida ko na kwata kai tsaye cikin tsohuwar rijiya. Ƙasa ce ke tace ƙazanta, in an tsallake ta an gurɓata ruwan kowa.

Tambaya: Kuɗin 'yan garuwa ya ishe ni. Ina son tara ruwan sama, amma maigida ya ce wahalar banza ce. Nawa za a iya samu daga rufin kwano? (Daga wata uwargida, Zariya)

Amsa: Hajiya, lissafin ba wuya. Ruwan sama milimita 1 a kan murabba'in mita 1 lita 1 ne. A ce rufinku mita 10 ne sau 12, murabba'in mita 120 ke nan. Idan damina ta ba da milimita 800, kuma Zariya kan wuce haka, lita 96,000 ne ke sauka a kansa. Cire kashi ɗaya cikin biyar na fantsama da yoyo, saura 76,800, wato jarka mai lita 25 sama da 3,000. Ruwa guda mai milimita 20 kaɗai zai ba ki kusan lita 1,900.

Inda maigida ke da gaskiya shi ne wurin ajiya. Gida mai mutum 8, kowa lita 20 a rana, lita 160 ne. Tanki mai lita 5,000 wata guda zai yi muku. Amma in an keɓe shi don sha da girki kawai, lita 5 kowa, zai kai wata 4. A damina kuwa yana cika yana ƙarewa yana sake cika, ba ruwanki da mai garuwa sai kaka ta wuce.

Ga inda ake yin kuskure. Makwararin bakin rufi ya karkata santimita 1 a kowace mita zuwa wajen tanki, in ba haka ba ruwa zai kwanta, sauro ya yi ƙwai. Ruwan farko da na biyu na shekara a bar su su wanke ƙurar hunturu da kashin tsuntsaye da na ƙadangare, kada su shiga tanki. Bayan haka ma, duk sa'ad da aka fara ruwa, a kawar da na farkon: kamar rabin lita zuwa lita 1 kan kowace murabba'in mita, ga rufinku lita 60 zuwa 120. Hanya mai sauƙi ita ce bututun ya fara zuba a ƙaramin duro, sai ya cika sannan ruwa ya wuce tanki, a riƙa zubar da na duron bayan kowane ruwa a yi shara ko ban itace da shi. A sa raga mai ƙananan idanu a mashiga da kuma bututun ambaliya. Tanki ya zama baƙi ko wanda haske ba ya ratsawa, don haske ne ke haifar da gansakuka. Famfon ɗiba ya kasance kamar santimita 10 sama da gindin tanki saboda laka ta kwanta ƙasa. Kuma a tuna lita 5,000 tan 5 ne, sai dandamalin siminti mai laushin fuska, ba bulo huɗu ba, in ba haka ba gindin zai tsage.

Rufin ciyawa ba ya yi, ruwansa na yin launi da wari. Murfi kuma ya zama mai kulluwa saboda yara.

Tambaya: Ruwan rafinmu ja ne da damina. Muna jefa alif ya kwanta ya yi fes, amma yara ba sa rabuwa da gudawa. (Daga wata mai karatu, Gaya ta Nijar)

Amsa: 'Yar'uwa, alif laka yake kwantarwa, ba ya kashe ƙwayoyin cuta. Ruwa na iya yin garau yana ɗauke da kwalara da taifot. Aikin mataki biyu ne.

Na farko kwantarwa. Alif kaɗan ake so, bai wuce giram 1 ba ga lita 20, ɗan abin da yatsu biyu za su tsinta in an daka. A juya da ƙarfi minti 1, a hankali minti 5, a bar shi awa guda, a tsiyaye na sama. Yawansa na sa ruwa tsami da ɗaure baki. Busasshen irin zogale ma na yi: a ɓare, a daka ƙwaya 10 zuwa 20 ga lita 20, a dama da ruwa kaɗan a zuba, sai dai wannan ruwan a yi amfani da shi a ranar.

Na biyu kashe cuta. Ko a tafasa har ya yi ta ɓararraka na minti 1, ko a sa ƙwayar kulorin. Mai miligiram 67 ta lita 20 ce ta ruwa mai haske, a rufe a jira minti 30. Ɗan warin da ke saura alama ce ya yi aiki. Idan an sa kulorin cikin ruwa mai laka, lakar ce ke cinye shi, shi ya sa ake fara kwantarwa. Inda babu itace babu ƙwaya, a cika gorar roba mai haske wadda ba ta wuce lita 2 ba, a kwantar a kan kwano cikin rana awa 6, in da hadari kwana 2.

Sau da yawa ma a cikin gida ruwan ke sake ɓaci, wajen tsoma moɗa da hannu a randa. Jarka mai ƙaramin baki ko bokiti mai famfo ya fi. Masu rijiya kuma, tsakaninta da shadda ya kai mita 30, rijiyar ta kasance ta wajen tudu.

Abu guda da tafasa da kulorin duk ba sa cirewa shi ne sinadarin da ya narke a ruwa. A Tibiri kusa da Maraɗi, ruwan burtsatse mai yawan fulorayid ya lalata haƙora ya lanƙwasa ƙasusuwan yara da yawa kafin a gano. Iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ita ce miligiram 1.5 a lita. Duk sabon burtsatse a kai ruwansa ɗakin gwaji kafin a fara sha.

Tambaya: A masallacinmu tanki mai lita 3,000 ba ya kai wa la'asar. Mu ƙaro wani? (Daga wani ɗan kwamitin masallaci, Kumasi)

Amsa: Malam, ku fara da famfunan. Famfo a buɗe na iya zubar da lita 6 a minti. Mai alwalar minti ɗaya da rabi ya tafi da lita 9, alwala 300 kuwa lita 2,700, tankinku ke nan. Da buta, lita 1 ta isa. Hadisin Anas da ke cikin Buhari da Muslim ya nuna Manzon Allah (SAW) na alwala da mudu guda, yana wanka da sa'i zuwa mudu biyar, mudun nan kuwa bai kai lita ba. Liman ya fi mu iya wannan bayanin.

Ta ɓangarenmu: a matse babban bawul ɗin layin alwala har ruwa ya riƙa fita siriri, ko a sa famfunan da ake dannawa su rufe da kansu. Famfon da ke ɗiga sau ɗaya a daƙiƙa yana zubar da kusan lita 30 a rana, robar cikinsa ce kawai ta mutu. A sa makunni mai yawo a kan ruwa cikin tanki don injin ya mutu da kansa in ya cika. Ruwan alwala kuma ba najasa ba ne, a raba bututunsa da na ban ɗaki, a bi da shi ta ramin tsakuwa zuwa gindin mangwaro ko darbejiya.

Tambaya: Ina noman rani, tumatir da 'yar shinkafa. Kuɗin man injin ban ruwa na cinye ribar. Ana ta ce mini in koma ban ruwa na ɗigo. Yana da amfani ga ƙaramin manomi? (Daga wani manomi, Kura)

Amsa: Baba, yana da amfani, amma akwai abin da za ka yi kafin shi wanda ba ya cin kuɗi. A ban ruwa na malala, kusan rabin abin da injin ya ɗago ba ya kai wa saiwa: wani ya nutse a hanyar ƙasa, wani ya taru a kwari ya wuce ƙasan saiwa da taki a cikinsa, wani rana ta shanye. Daidaita fangali shi ne na farko, don in gefe guda ya fi tudu sai ka nutsar da kwarin kafin tudun ya jiƙa. Kai ruwa da tiyo har bakin fangali maimakon doguwar hanyar ƙasa. Yi ban ruwa da asuba ko yamma. Rufe gindin shuka da ciyawa ko ƙaiƙayi kaurin santimita 5. Kafin ka ta da inji, tona santimita 15 ka dunƙula ƙasar: in ta dunƙulu ba ta wargaje ba, bari sai gobe. Tumatir ya fi son kaɗan-kaɗan a kai a kai. A bar shi ya bushe sannan a malala masa, shi ke sa 'ya'yan tsagewa da baƙin gindi.

Na ɗigo yana iya kai kusan kashi 90 cikin 100 na ruwan ga saiwa. Gwada shi a murabba'in mita 100 tukuna. Duro mai lita 200 a kan tsauni mita 1 zuwa 1.5, matata a bakin fitarsa, babban bututu mai inci 1, daga shi ƙananan layuka masu milimita 16 da huda kowane santimita 30. Kada layi ya wuce mita 15 zuwa 20, don ƙarfin duro ba zai kai ƙarshe ba. Lokacin zafi shuka na iya shan milimita 5 ko fiye a rana, ga wannan filin lita 500, cika duro sau biyu da rabi.

Abin da ke kashe shi toshewa ce. Ruwan kogi da na kanal na ɗauke da yashi da gansakuka, saboda haka a wanke matata kullum, a buɗe ƙarshen layuka sau ɗaya a mako ruwa ya kore dattin, a rufe duro. In za a narka taki a ciki, a tace shi da ƙyalle, kuma kada a sa wanda ba ya narkewa duka. Ɓera da gafiya na huda layi neman ruwa, a ajiye musu kasko a gefe. Farin gishiri kan taru a gefen inda ya jiƙa, a malala wa filin ruwa sosai sau ɗaya kafin sabuwar shuka.

Shinkafa ce ma ta fi shan man naka, kilo 1 na cin kusan lita 2,500. Ba dole ta zauna cikin ruwa kullum ba. Cibiyar binciken shinkafa ta duniya da ke Filifin ta fitar da dabara mai sauƙi: yanki bututun roba mai tsawon santimita 30 da faɗin 10 zuwa 15, a huhhuda santimita 20 na ƙasa, a kafa shi a fangali, santimita 10 na sama a waje, a kwashe lakar ciki. Bayan kamar mako biyu da dashe, a bar ruwa ya janye. Sai ruwan cikin bututun ya yi ƙasa da fuskar gona da santimita 15 sannan a sake ba da ruwa ya hau santimita 5. Mako guda kafin fitar kai zuwa mako guda bayansa kada a bari ya bushe, nan ne ake asarar ƙwaya. Ana rage ruwa har kusan kashi 30 cikin 100 ba tare da amfanin ya ragu ba. In ciyawa ta yi yawa, a jinkirta farawa sai an cire ta.

Wani abu da masu tallan kayan ɗigo ba sa faɗa: in kowa ya rage ruwa sannan ya ninka gonarsa, kogin bai huta ba, na ƙasa da ku kuma ba su ga ƙari ba.

Tambaya: Na gaji faƙo, ruwa na sauka ya wuce, ko ciyawa ba ta fita. (Daga wani matashi, Tawa)

Amsa: Ɗan'uwa, maganin a ƙasarku ya yi suna. Tassa, wato ƙananan ramukan shuka da ke tara ruwa, ta bazu a yankin Illela tun ƙarshen shekarun 1980, bayan manoma sun ga irin ta a Burkina Faso, inda marigayi Yakuba Sawadogo ya shahara da ita. Da rani ake haƙa: faɗi santimita 20 zuwa 30, zurfi 15 zuwa 20, tazara 80 zuwa mita 1, layi na biyu ya faɗa tsakanin ramukan na farko don ruwan da ya kuɓuce wa wannan ya faɗa wancan. Ƙasar da aka fitar a tara ta ta gefen gangare, ba ta gefen da ruwa ke fitowa ba, wannan shi ne kuskuren da aka fi yi. A zuba ruɓaɓɓen taki cikin hannu ɗaya ko biyu, a yayyafa ƙasa. Ɗanyen kashin dabbobi na ƙona iri. Gara za ta zo cin takin ta huda ƙasa, ta nan ruwa ke nutsewa, kada a kashe ta. A shuka gero ko dawa bayan ruwa mai kyau na farko.

Hekta guda na ɗaukar rami 10,000 zuwa 15,000, aikin awa 300 ne ko fiye, saboda haka fara da kwata ko ka kira gayya. Inda gangaren ya fi faɗi a yi rabin wata mai faɗin mita 4, bakinsa na kallon tudu. A jigawa mai yashi ramin na rushewa, a fadama mai riƙe ruwa kuma shuka na ruɓewa, duka biyun ba wurin tassa ba ne.

Tambaya: Kakanninmu sun yi su da noman fadama a nan. Yanzu kacalla ta cinye hanyoyin ruwa, wani wuri ambaliya, wani wuri ƙishi. An ce Tafkin Chadi ma ya ƙafe. Canjin yanayi ne? (Daga wani masunci, Nguru)

Amsa: Malam, da yanayi da hannun mutum. Tafkin Chadi ya kai kusan murabba'in kilomita 25,000 a 1963. Farin shekarun 1970 da 1980 ya raba shi biyu, ya rage shi zuwa ƙasa da kashi ɗaya cikin goma. Amma bai ƙafe ba, ya ɗan farfaɗo tun shekarun 1990, yana kuma ƙaruwa yana raguwa gwargwadon damina, domin kusan kashi 90 cikin 100 na ruwan da koguna ke kai masa daga Shari da Logon ne. Hukumar Tafkin Chadi, wadda Najeriya da Nijar da Chadi da Kamaru suka kafa a 1964, ta daɗe tana maganar janyo ruwa daga yankin Kogin Kwango, an yi babban taro a kai a Abuja a 2018, har yau ba a haƙa ba.

Matsalar ƙofar gidanka kuwa ta fi alaƙa da madatsu. An kammala Tiga a 1974, Challawa a 1992. Kafin su, Kogin Haɗeja na cika da damina ya malale fadama, da rani ya bushe. Bushewar nan ce ke hana kacalla sakewa. Da aka koma sakin ruwa duk shekara don ban ruwa da shan birnin Kano, sai ta samu abin da take so, ruwa mara zurfi da ba ya ƙafewa. Ta toshe hanya, laka ta taru a gindinta, ruwa ya rasa mafita ya kwanta a gonakin wasu, reshen da ke kai wa wasu ya mutu. Tsuntsayen jan baki kuma suka samu maɓoya a ciki. Haka ta faru a Kogin Senegal bayan madatsar Diyama ta 1986, can har gawayi suke yi da ita.

Ƙona ta ba ya kashe ta, saiwar na ƙarƙashi, toka ma taki ce. Abin da ke aiki shi ne yanka ta ƙasa da fuskar ruwa, kamar santimita 15 ko fiye, don karan ne ke kai wa saiwa iska. A maimaita sau biyu ko uku a shekara, kafin ta fitar da kai iri ya bi iska, a kuma fitar da abin da aka yanka daga ruwa. A fara daga ƙasan hanyar ruwa a hauro, domin in an buɗe sama ƙasa na toshe, garin da ke tsakiya ne zai sha ambaliya. Babban maganin yana hannun Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are: a saki ruwa mai yawa lokacin damina yadda zai malale fadama, a kuma bar wasu makonni na rani ba saki don hanyoyin su bushe. Ƙungiyoyin masunta da manoma da makiyaya na Jigawa da Yobe su nemi a ba su jadawalin sakin ruwan a rubuce kafin kowace shekara ta kama, su tsara yankan kacallar a kansa.